Shin Dokar Gasa Ta Hau Kan Wasan Hira?

Malam Edita, Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a shafofin nan namu na Hausa, in faɗi albarkacin bakina game da wata takarda da na tarar an manna a ƙofar ɗakin hutawa ran da muka komo daga hutu. Na san waɗansu za su ce, ashe ɗalibin da ya rage masa 'yan watanni ya fita ya zama malami bai sami abin rubutawa ba sai karta? To, su yi haƙuri su karanta tukuna. Abin da ya sa samari biyu suka daina gaisawa har yau, ya kuma kusa jawo a hana mu wasan ɗungum, bai kamata a kira shi ƙaramin abu ba.

Ga abin da takardar ta ƙunsa, domin waɗanda ba su tsaya sun karanta ba. Komitin wasanni ya shirya gasar Whot tsakanin ɗakunan kwana, ya kuwa tsara dokoki huɗu. Ta fari, a zare katunan nan biyar masu lamba 20 daga cikin kwali kafin a raba. Ta biyu, lamba 5 ba ta sa kowa ɗaukar uku. Ta uku, wanda aka buga wa lamba 2 ba shi da ikon kare kansa da wata 2, tilas ya ɗauka. Ta huɗu, ba a gama wasa da kati mai iko. Har nan ban yi ko tari ba. Sai can ƙasa na ga an ƙara layi guda da jan biro, wai dokokin nan sun hau kan duk wanda ya taɓa karta a ɗakin hutawa, ko gasa ce ko ba gasa ba, wanda ya ƙi kuwa a karɓe kwalinsa. Wannan jan layin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ban ga laifin komiti ba da suka nemi magani, gama kowa ya tuna abin da ya faru a zangon da ya wuce. Mutum biyu suna wasa, ɗaya ya buga 20 ya ce ya gama, ɗayan ya ce a garinsu ba a gamawa da 20. Daga cacar baki sai cin kwala, daga cin kwala sai benci ya karye. Da maganar ta kai ofis, sai da shugabannin ɗalibai suka yi ta ba da haƙuri kafin a bar mana kartar. Saboda haka niyyarsu mai kyau ce. Maganin ne na ke ganin an shafa shi har inda babu ciwo.

Ni dai ba a gidan karta na tashi ba. A makarantar mishan da na yi a ƙasar Tangale, in aka kama ka da kati ba a tambayarka ko na wane wasa ne. A ƙone shi a gaban 'yan makaranta, kai kuma ka sha yankan ciyawa har rana ta faɗi. Malamanmu sun ɗauka karta da caca uwa ɗaya uba ɗaya su ke, haka kuma na tarar iyayen abokaina Musulmi da yawa su ke gani. Sai da na zo Gombe na sauka gidan kawuna a Shamaki sa'an nan na fara riƙe kati ba tare da gabana yana faɗuwa ba. Na faɗi wannan domin a san cewa na ɗanɗana zama inda aka hana wasan duka, na kuma ɗanɗana inda ba a hana kome ba, na san zaƙi da ɗacin kowanne.

Domin malamanmu da ba su taɓa riƙe kwalin ba, bari in bayyana shi. Wani Bature ne mai suna William Henry Storey, na garin Southend a Ingila, ya ƙago wasan a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya ci gaba da buga shi. A can ƙasarsu ya yi tashe ya faɗi, a nan Nijeriya kuwa ya sami gindin zama. Na zazzage kwalin da ke hannuna na ƙirga, kati 54 ne. Masu da'ira, waɗanda mu ke kira bol, guda 12. Masu kusurwa uku, watau angul, su ma 12. Kuros 9, kafet 9, tauraro 7 tak. Sauran biyar su ne masu lamba 20, waɗanda a ke bugawa a kan kowane kati, mai bugawa kuma ya nemi irin da ya ga dama. Babu lamba 6, babu lamba 9. Dokar wasan kuwa ko yaro ya iya ta: ka bi wanda ke ƙasa da irinsa ko da lambarsa, in ba ka da shi ka tafi kasuwa ka ɗauko ɗaya. Wanda ya riga zubar da na hannunsa shi ya ci.

Amma gishirin wasan yana wurin katuna masu iko. Lamba 1 tana tsayar da kowa ka sake bugawa. Lamba 2 tana sa na kusa da kai ya ɗauki biyu, lamba 5 ya ɗauki uku. Lamba 8 tana tsallake shi. Lamba 14 tana aika kowa kasuwa ban da kai. Yanzu ku yi lissafi tare da ni. Lamba 1 guda biyar ce, 2 biyar, 5 biyar, 8 uku, 14 huɗu, 20 biyar. In ka tara sai ka sami 27. Watau rabin kwalin cif masu iko ne! Ran da na gano wannan na daɗe ina dariya ni kaɗai, gama mai neman ya tsarkake Whot daga katuna masu fitina, kamar mai tsince yashi ne daga cikin kogin Gongola.

To, bari in kai ku Shamaki. Akwai wani tsohon tela maƙwabcinmu, kowa na ce masa Baba. In an idar da sallar isha'i, musamman daren da aka ɗauke wuta, zafin Gombe ya hana zaman ɗaki, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa a kunna fitila. Ɗan acaɓa ya jingine babur ya zauna, mai shayi ya leƙo, mu 'yan koleji mu matso, yara kuma su kewaye. Ba a taɓa rubuta doka a wurin nan ba, duk da haka ban taɓa ganin an tashi baram-baram ba. Dalili kuwa shi ne, kafin Baba ya raba sai ya tsaya da kwalin a hannu ya tambaya: yau da karewa ko babu? Biyar na ci ko ba ta ci? Ana fita da ashirin? Kowa ya amsa, a tsayar da magana, sa'an nan ya raba. In baƙo ya zo daga Bolari ko Jekadafari da tasa al'adar, a ji ta bakinsa, wani lokaci ma a gwada irin tasu don a ga yadda ta ke.

Wani dare jikan Baba, ɗan shekara tara, ya nace sai an sa shi. Aka sa shi. Yaron nan bai san riƙon kati ba, duk muna ganin abin da ke hannunsa. Baba kuwa gwani ne, yana ƙirga abin da ya fita, ya san wanda tauraro ya ƙare wa. Aka yi ta bugawa har Baba ya rage da ɗaya, ya yi shelar las kad yana gyara hula. Sai yaron ya dangwara masa 2, ya bi da 14, sa'an nan ya jefa 20 ya miƙe tsaye yana ihu: "Tsoho, na kwace matarka yau!" Kun san wasan jika da kaka. Baba ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce, "Ja'iri, sa'a ce ta ba ka, gobe ka dawo ka gani." Har mako ya zagayo yaron nan ba ya da wani labari sai wannan.

Ina tambayar komiti, da an bi jan layinku a ƙofar Baba, da me zai faru? Da an zare 20, an hana fita da mai iko, da Baba ya cinye kowa a daren nan, ya cinye gobe, ya cinye jibi. Yaron kuwa da ya gaji ya koma wasan langa. Katunan da ku ke kira masu ɓata wasa su ne ƙofar da marar ƙwarewa ke shiga ya ɗanɗani nasara. A wasan hira ba a zauna don a san gwani ba, ai duk unguwa ta riga ta san shi. An zauna ne don dare ya yi gajere, a yi dariya, wanda ya wuni yana fama da rana a kan babur ya manta da gajiya. Dokar da ta rage dariya a wurin nan ta rage abin da aka zo nema.

Gasa kuwa wata aba ce dabam, a nan kuma ina tare da komiti ɗari bisa ɗari. In an sa kofi, an ce ɗaki kaza ya fi ɗaki kaza, to, an yi alkawari ke nan cewa wanda ya ci ya fi iyawa. Kuma masu karawa ba su san juna ba. Wannan daga Dukku, wancan daga Kaltungo, wani daga Nafaɗa, kowa da dokar da ya sha a nono. Alƙalin wasa ba zai iya tsayawa ya yi irin tambayar Baba a kan tebur goma ba, in ma ya yi, sai tebur na fari ya yi wasa iri ɗaya, na biyu ya yi wani iri, a rasa yadda za a gwada su. Tilas a rubuta, tilas a manna tun da wuri, tilas kuma a hana abin da ke sa wasa ya zama na mutum ɗaya.

Ga misalin abin da na ke nufi. A gasa mutum biyu ke karawa, an raba biyar biyar. A ce an ba ni bol 1, bol 8, angul 8, angul 14, da angul 2, an kuma buɗe bol a ƙasa. Sai in buga 1 in ce dakata, in bi da 8, in bi da ɗaya 8 ɗin, in aika abokina kasuwa da 14, in rufe da 2, in tashi in karɓi tafi. Abokin karawata bai ajiye ko kati ɗaya ba. Wace gwaninta na nuna? Ko akuya aka ba wannan hannun ta ci. Na yi lissafi, wajen sau ɗaya cikin 40 mutum zai buɗe katunansa biyar ya tarar dukansu masu iko ne. Ba kullum za su jeru haka ba, amma a gasa mai wasanni da yawa lalle sai an gamu da irinsa. Saboda haka doka ta huɗu, wadda ta hana fita da mai iko, doka ce mai hankali. 'Yan ƙwallo ma sun yi irin wannan. Bayan gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya, inda 'yan baya suka riƙa mayar wa gola ƙwallo yana kamawa don cin lokaci, sai a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya ba shi da ƙafa da gangan. Wasa ya gyaru. Amma ku je filin da yara ke buga ƙwallon tsumma a bayan gidajen Shamaki, ku ga ko akwai mai kula da wannan, ko da satar gida. Can kwana uku fenariti ne, mai ƙwallo kuma ba a cire shi. Ba wanda ya taɓa tunanin aika musu da alƙali.

Sai dai ko a gasar ina da ja a kan doka ta fari. A ganina zare 20 kuskure ne, zan kuwa nuna dalili da lissafi, tun da shi ke shi na ke koyon koyarwa. A ce tauraro 4 ne a ƙasa. In kwali cikakke ne, katunan da za su iya hawa kansa su ne sauran taurari shida, da bol 4, da angul 4, da 20 guda biyar, watau 13 cikin 53, kusan ɗaya cikin huɗu. In an zare 20 sai su koma 8 cikin 48, ɗaya cikin shida. Ma'ana, duk sa'ad da tauraro ya sauka sai a yi ta zarya kasuwa, wannan ya ɗauka, wancan ya ɗauka, har Allah ya kawo wa wani. Wannan ai ƙarin sa'a ne aka yi, alhali rage ta a ke nema. Bugu da ƙari, 20 ita ce katin da ta fi kowace bukatar tunani. Yaushe zan sake ta? Wane iri zan nema? Me abokina ya kasa bi ɗazu? In kuwa na ƙanƙame ta har kasuwa ta ƙare aka zo ƙirga, ta zame mini kaya, gama ashirin cur za a rubuta mini, kamar yadda a ke ninka lambar tauraro. Kati mai lada da hasara irin wannan shi ke raba gwani da ɗan koyo. Kuma ba wani abu ba ne da mutum ɗaya ke samu kullum: wajen sau huɗu cikin goma hannun farko na kati biyar yana zuwa da aƙalla guda. Shawarata ita ce a bar ta a ciki, doka ta huɗu ta isa ta ɗaure ta. In ana so sa'a ta ragu ƙwarai, a daina fitar da mutum da wasa ɗaya, a yi biyar a ga wanda ya riga cin uku.

Kada a zaci mu kaɗai ke wannan gardama. A Amurka akwai wani wasan kati mai suna Magic, wanda wani masanin lissafi, Richard Garfield, ya ƙago, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 1993. Shi wannan ba daga kwali ɗaya a ke rabawa ba. Kowa yana sayen katunansa ya harhaɗa nasa tulin ya zo da shi. Tun a watan Janairu na 1994 masu shirya gasarsa suka ga tilas su fitar da jerin katunan da aka hana da waɗanda aka taƙaita, gama akwai irin su Black Lotus da ke sa mai su ya yi wa abokinsa fintinkau tun ba a je ko'ina ba. A wurinsu jerin yana da wani amfani da babu shi a wurinmu: yana kare mai ƙaramin ƙarfi daga mai kuɗi, yana kuma hana kowa ya zo da tuli iri ɗaya. Mu kuwa a Whot, ɗan sarki da ɗan talaka daga kasuwa ɗaya su ke ɗauka. Ba wanda ya sayi 20 ya zo da ita a aljihu, sai fa ɓarawo. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa bukatarmu ga jerin hani ba ta kai tasu ba.

Duk da haka ku ji abin da ya same su sa'ad da jerin ya shiga wasan hira. Akwai wani salon wasan da a ke kira Commander, wanda 'yan wasa da kansu suka ƙago don nishaɗi, yawanci mutum huɗu a tebur, kowa da kati 100. Har zuwa 2024, wani ƙaramin komiti na 'yan sa kai ne ke kula da dokokinsa, kuma sun daɗe suna cewa kowane tebur yana da ikon ya daidaita dokarsa kafin a fara. Ran 23 ga Satumba 2024 komitin nan ya hana katuna huɗu, cikinsu har da Mana Crypt da Jeweled Lotus, waɗanda mutane suka saya da tsada, wani fiye da dala 100. Nan da nan farashinsu ya faɗi, ƙura ta tashi, har waɗansu marasa kunya suka riƙa aika wa 'yan komitin da barazana. Mako guda bayan haka, ran 30 ga wata, komitin ya miƙa ragamar ga kamfani ya koma gefe. A 2025 sai kamfanin ya fito da wata dabara, ya kasa wasan hawa biyar, daga na raha zuwa na gasa, domin mutane su faɗa wa juna irin wanda su ke so kafin su zauna. Ku duba fa. Bayan duk wannan wahala, inda suka komo shi ne tambayar da Baba ke yi a ƙofar shagonsa.

Haka kuma masu Uno, wasan da wani wanzamin Amurka mai suna Merle Robbins ya ƙago a 1971, wanda ya yi kama da namu ƙwarai. A 2019 masu shi suka yi shela cewa ba a ɗora ɗauki-biyu a kan ɗauki-huɗu don a tura wa na gaba. Jama'a suka yi musu dariya, kowa ya ci gaba da yadda ya saba a gidansa.

Yanzu bari in faɗi abin da ke gāba da ni, gama wani abokina ɗan komiti ya faɗa mini shi, ban kuwa sami amsa nan take ba. Ya ce ɗakin hutawa ba ƙofar Baba ba ne. Can kowa ya san kowa, akwai kuma dattijon da a ke jin kunyarsa. Nan kuwa ɗaruruwa ne, kullum da sabuwar fuska. Ya ce in tuna yadda 'yan aji uku ke yi wa sababbin ɗalibai: in babba ne ke riƙe da 2, karewa halal ce, in ƙaramin ne ya kare, sai a ce ai nan ba a karewa. Dokar da ba a rubuta ba, in ji shi, dokar mai ƙarfi ce. Gaskiya ya faɗa. Ni kaina an yi mini haka a shekarata ta fari, na kuwa haɗiye don ba ni da wanda zan kai wa ƙara. Har ma, in faɗi abin kunya, na taɓa yi wa wani.

Amma da na kwana da maganar sai na ga ciwon da ya nuna dabam ne da wanda jan layin ke magani. Samarin nan biyu ba 20 ce ta haɗa su faɗa ba. Abin da ya haɗa su shi ne ba a yi magana ba sai da kati ya sauka. Da an hana 20 tun fari, da sun yi faɗan a kan 8, ko a kan wanda ya manta bai ce las kad ba. Ku dubi dara, wadda kakanninmu ke yi tun ba a san karta ba. Gida 30, kowa da 'ya'ya 12, kuma ita ma tana da nata hani: ba a jera uku sa'ad da a ke zuba 'ya'ya, jeri na huɗu kuma ba ya ci. Ba a rubuce su ke ba, amma ba ka jin tsofaffi na faɗa a kansu, gama an san su tun kafin a haƙa gidajen. Sanin doka kafin a fara shi ne kariyar ƙarami. Ko dokar ta hana, ko ta bari, wannan bai dame shi ba, muddin ba za ta juya a tsakiyar wasa ba.

Akwai dai hani guda da na ke so ya hau kan kowa, a gasa da hira, a koleji da unguwa, shi ne sa kuɗi. Abin mamaki, takardar komiti ba ta ko ambace shi ba. Na ga ana wasa a kan naira ɗari, na ga ana yi a kan katin waya, har a kan kwanon abincin dare. Da zarar an ajiye wani abu a tsakiya, dariya ta ƙare, ɗauki-biyu ta zama zagi. Masu Magic ma sun gane wannan. A dokarsu ta asali kowa yana ajiye kati ɗaya daga nasa, wanda ya ci ya kwashe, amma da suka ga abin ya yi kama da caca sai suka kawar da shi daga gasa, suka hana katunan da suka dogara a kansa. A nan na ga inda malamaina na mishan su ke da gaskiya, ko da shi ke sun haɗa da marar laifi sun ƙone. A ƙofar Baba kuwa, ran da wani ya fito da kuɗi, Baba bai ce uffan ba. Ya tattara katunansa ya sa a aljihu ya ce sai da safe.

Kada kuma a ce ni maƙiyin zare kati ne ko'ina. Sa'ad da na je koyarwa ta gwaji aka ba ni aji uku na firamare, na yi amfani da Whot wajen koya musu siffofi da tara lambobi. Da hannuna na zare 20 duka, na kuma ce babu ɗauki-biyu, babu kasuwar kowa da kowa, gama abin da na ke nema shi ne yaro ya bambanta da'ira da kusurwa huɗu, ya tara 7 da 8 ba tare da yatsu ba. Ya kuwa yi amfani. Da aka kaɗa ƙararrawar tara sai yaran suka roƙe ni aron kwalin, na ba su. Ina leƙowa ta taga na ga sun mayar da biyar ɗin nan ciki, wata yarinya tana ce wa 'yar'uwarta ta ɗauki uku. Na ƙyale su. Lokacin darasi nawa ne, na tara kuwa nasu. Mu da za mu fita mu riƙe yara, ya kamata mu san iyakar inda sandarmu ta ke kaiwa.

Saboda haka ga roƙona ga komiti, zan kuma maimaita shi a taron ɗalibai mai zuwa in an ba ni dama. A bar wa gasa dokokinta, a mayar da 20 ciki, a yi wasa biyar maimakon ɗaya. A goge jan layin. A madadinsa a manna wata 'yar takarda mai ɗauke da yadda a ke wasa a ɗakin hutawa in ba a yi wata magana ba, domin sabon ɗalibi ya sami abin da zai nuna da yatsa in an so a cuce shi. A rubuta a ƙarƙashinta cewa kowane tebur yana da ikon ya sauya abin da ya ga dama, in duk waɗanda ke zaune sun yarda kafin a raba, bayan an raba kuwa bakin alƙalami ya bushe. Kwalin da za a karɓe shi ne wanda aka ga kuɗi a gefensa.

Samarin nan biyu kuma, in sun karanta wannan, ina gayyatarsu Shamaki ran Asabar bayan isha'i. Na riga na gaya wa Baba, ya ce su zo, shi zai raba.

Naka,
Wani ɗalibi na aji uku, sashen lissafi.